Yadda soja ke ban kwana da ɗan uwansa

Ranar Talata 10 ga watan Disamba na shekara ta 2019, ƴan bindiga suka kai hari a barikin soja na Inates. Inates tana cikin jihar Tilaberi, kusa da iyakar Mali. An yi awoyi ana ba-ta-kashi. Sojojin Nijar 71 suka rasu a wannan rana. Shugaban ƙasa na lokacin, Mahamadu Isufu, yana Masar. Da labari ya iske shi, sai ya katse tafiyarsa ya komo gida. Gwamnati ta sa zaman makoki na kwana uku a ƙasa duka.

Ranar Juma'a 13 ga watan aka yi jana'izarsu a Yamai, a sansanin sojan sama na 101, kusa da filin jirgi na Diori Hamani. An jera gawawwakin, kowace an lulluɓe ta da tutar Nijar. Sojoji suka ƙame. Manya suka sara. Shugaban ƙasa ya ba mamatan lambar girma. Aka yi musu addu'a, aka rufe su nan cikin sansanin, a wani wuri da ake kira filin shahidai.

Mutane da yawa sun ga wannan a tele, wasu sun ji a rediyo. Wani zai ce: "To, mine ne amfanin duk wannan? Wanda ya mutu ai ya mutu. Tuta za ta tashe shi? Busa za ta maido shi?"

Tambaya ce mai kyau, ƴan uwa. Ga amsa. Soja mutum ne da aka koya wa ƙarancin magana. Idan zai yi godiya, ko zai yi ban kwana, da alamu yake yi. Kowace alama tana da abin da take faɗi, kamar yadda kowane harafi yake da muryarsa. Wanda bai san baƙi ba, in ya dubi takarda zane kawai yake gani. Haka wanda bai san alamun soja ba, in ya dubi jana'izar soja fareti kawai yake gani. To, bari mu karanta alamun nan ɗaya bayan ɗaya.

Tuta a kan gawa

Tutar Nijar tana da launi uku. Sama ruwan goro, tsakiya fari, ƙasa tsanwa. A tsakiyar farin akwai da'ira mai ruwan goro. An zaɓe ta ranar 23 ga watan Nuwamba na 1959, tun kafin samun ƴancin kai na 3 ga watan Agusta na 1960. Ana fassara ruwan goron da hamadar arewa, tsanwan da gonakin kudu, da'irar kuwa rana ce.

Kun san a gida, idan mutum ya rasu, danginsa ne ke neman likkafani. Ba a barin baƙo ya sayo shi alhali ƴan uwa suna nan. Likkafani yana cewa: "Wanga namu ne, mu za mu rufa masa asiri." To, tuta ma haka take. Idan aka shimfiɗa ta a kan gawar soja, ƙasa ce duka ke cewa: "Wanga ɗanmu ne." Ko Bahaushe ne, ko Bazabarme, ko Buzu, ko Bafillace, ko Babarbare, ko Batube, tuta ɗaya ce. Ba a ɗinka wa janar tuta daban, a ɗinka wa ƙaramin soja daban.

A wasu ƙasashe tutar nan tana komawa hannun iyali. Misali a Amurka. Kafin a sa gawa cikin kabari, sojoji suna ɗauke tutar, su ninke ta sau 13 har ta zama mai kusurwa uku. Sannan wani hafsa ya miƙa ta ga matar mamacin, ko uwarsa, ko ɗansa. Haka aka yi wa iyalan sojojin Amurka 4 da aka kashe tare da sojojin Nijar a Tongo Tongo, ranar 4 ga watan Oktoba na 2017.

Ƙamewa da sarawa

Idan soja ya tsaya cik, ƙafa haɗe, hannu a jikin cinya, ido a gaba, an ce ya ƙame. Ko ƙuda ya sauka masa a hanci ba zai kore shi ba. Idan ya ɗaga hannun dama ya kai shi gefen hula, an ce ya sara. Masu tarihi da yawa suna cewa asalin sarawa shi ne nuna hannu a buɗe, wato: "Duba, ba ni riƙe da makami a kanka."

Mu ma muna da irin wannan. A hawan salla, a Damagaram ko Katsina ko Kano, mahaya suna sukuwa har gaban sarki, su ja linzami, su ɗaga hannu ko mashi. Wannan ita ce jinjina. Ba su ce komi da baki ba, amma kowa ya ji abin da suka faɗi.

Ga inda abin lura yake. A bariki, ƙarami ne ke fara sara wa babba, babba ya amsa. Kullum haka ne, ba a saɓawa. Amma ranar jana'iza sai abin ya juye. Janar mai taurari a kafaɗa shi ne zai tsaya gaban gawar yaron da bai wuce shekara biyu a soja ba, ya ƙame, ya sara masa. Kuma ba za a amsa masa ba. Yaron nan ya ba da abin da janar bai ba da ba tukuna. A ran nan shi ne babba.

Busar ƙaho

Soja yana da ƙaho na ƙarfe, wasu suna ce masa begila. A da, tun ba a yi rediyo ba, da shi ake ba da umurni. Akwai busar tashi da asuba, akwai ta cin abinci, akwai ta taro, akwai ta kwanciya. Soja yana gane kowace, kamar yadda ɗan gari yake gane kiɗan farauta daban, na gayya daban, na sarauta daban.

Busar da ake yi wa mamaci tana tafiya a hankali, ba ta da gaggawa. A Amurka an fara ta a shekara ta 1862, lokacin yaƙin basasarsu. Asalinta busar dare ce, ta cewa a kashe fitila a kwanta. A Ingila ma haka, busar ƙarshen yini ce suka mayar ta jana'iza, kuma sojojin Najeriya da na Gana sun gaje ta daga can. Ma'anar a fili take: "Aikinka ya ƙare. Sauka daga gadi, ka huta. Mu za mu ci gaba."

Faransa ta daɗe ba ta da irin wannan busa. Wani janar nasu mai suna Guro ya ji ta Amurkawa da ta Ingilishi, abin ya taɓa masa zuciya, ya sa aka tsara musu tasu. An fara busa ta a Paris ranar 14 ga watan Yuli na 1931. Sojojin Nijar kuwa, yawancin tsarin faretinsu daga na Faransa suka gaje shi, tun zamanin da kakanninmu suka yi soja ƙarƙashin Nasara.

Idan ka ji busar nan, ko kana nesa, ka bar surutu. Ba kiɗan rawa ba ne.

Shiru na minti ɗaya

Sau da yawa za ku ji mai magana ya ce: "A tashi tsaye, a yi shiru na minti ɗaya." Daga ina wannan ya fito?

An yi wani babban yaƙi daga 1914 zuwa 1918, shi ne yaƙin duniya na farko. Miliyoyin mutane suka hallaka, har da ƴan Afirka da yawa da aka kwasa aka kai Turai. A 1918 mutanen birnin Kef, a Afirka ta Kudu, suka riƙa tsayawa shiru da tsakar rana don tuna ƴaƴansu da ke fagen fama. Yaƙin ya tsaya ranar 11 ga watan Nuwamba na 1918 da ƙarfe 11 na safe. Da shekara ta zagayo, a 1919, sarkin Ingila ya nemi jama'arsa su tsaya shiru na minti biyu a daidai wannan lokaci. Daga nan al'adar ta bazu a duniya.

Amfanin shirun shi ne kowa yana iya shigarsa. Musulmi ya yi addu'a a zuciyarsa, Kirista ya yi tasa. Wanda ya san mamacin ya tuna fuskarsa, wanda bai san shi ba ya tuna uwarsa. A nan Nijar, a taruka da yawa, akan ce a yi fatiha ga waɗanda suka rasu. Manufar ɗaya ce: a dakatar da harkar duniya, ko da na ɗan lokaci ne, saboda wanda ya bar ta.

Harbin bindiga

A ƙasashe kamar Najeriya da Ingila da Amurka, akan jera wasu sojoji kusa da kabari, su ɗaga bindigogi sama, su harba tare har sau uku. Harsashin ba mai kisa ba ne, ƙara kawai yake yi. Ana ba da labari cewa a yaƙoƙin Turai na da, akan tsayar da faɗa don kowane ɓangare ya kwashe gawawwakinsa. Idan an gama, sai a yi harbi uku, wato: "Mun rufe namu."

Kada a haɗa wannan da harbin igwa 21. Igwa ita ce babbar bindiga. Harbi 21 gaisuwa ce ta shugaban ƙasa. Asalinta daga jiragen ruwa na yaƙi ne. Idan jirgi zai shiga tashar wata ƙasa, sai ya harbe igwoyinsa a kan teku, don a san ya zo da bindiga wofi, ba da faɗa ya zo ba.

Wannan ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Ƴan bindigar sarki suna ɗura albarushi su harba sama ranar hawa. Ba wanda ke gudu, don kowa ya san girmamawa ce.

Lambar girma da kiran suna

Wani zai yi mamaki: yaya za a ba mamaci lamba, alhali ba zai rataya ta ba? Gaskiya ne, ba zai rataya ba. Amma lamba shaida ce. Ana rubuta sunan mai ita a takardar gwamnati. Yaron da ubansa ya rasu yana goye, wata rana zai girma ya tambaya: "Wane ne babana?" Sai a ɗauko lambar a nuna masa. Wani lokaci kuma akan yi wa mamacin ƙarin girma, a ɗaga shi daga matsayinsa zuwa na gaba.

Suna ma yana da nauyi. Idan rediyo ya ce "sojoji 71", lissafi ne, kunne ya ji ya wuce. Amma 71 ɗin nan, kowane yana da sunan da aka raɗa masa ran suna, da garinsu, da wadda ta yi masa goyo. Shi ya sa ake kiran sunaye a wurin taro, ake kuma rubuta su a kan kabari ko a jikin bango. Ku da kuka koyi karatu, in kun iske irin wannan rubutu, ku tsaya ku karanta ko da suna ɗaya ne. Wannan ma gaisuwa ce.

Tuta a rabin sanda

Idan an sa zaman makoki na ƙasa, za ku ga tuta a ofisoshi da makarantu da barikoki ba ta kai ƙarshen sanda ba. An sassauto da ita. Ba igiya ce ta tsinke ba, da gangan aka yi. Kamar mutum ne ya sunkuyar da kai. Ƙa'idar ita ce a fara kai ta can sama, sannan a sauko da ita.

An yi haka bayan Inates. Ba a cika wata guda ba aka sake yi, don ranar 9 ga watan Janairu na 2020 an kai hari a barikin Shinagodar, shi ma a jihar Tilaberi, sojoji 89 suka rasu. Nan ma makokin kwana uku aka yi. Kun ga ya yi daidai da abin da muka saba a gida, inda ake zaman karɓar gaisuwa har ran sadakar uku.

Akwai ƙasar da ba ta sassauta tutarta ko da sarki ne ya rasu. Ita ce Saudiyya, saboda kalmar shahada tana rubuce a jikin tutar.

Zuwa gaisuwa ma alama ce. Ranar Lahadi 15 ga watan Disamba na 2019, shugabannin Mali da Burkina Faso da Cadi da Muritaniya suka zo Yamai. Kafin su zauna taronsu, sai da wasu daga cikinsu suka je suka tsaya a kan kaburburan sojojin Inates. Suna iya aiko da takarda, amma suka zo da kansu. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take.

Soja da nasa, addini da nasa

Wasu suna tambaya ko waɗanga abubuwa sun maye gurbin jana'iza. A'a. Kowane da wurinsa. Soja yana gama nasa, sai ya ja baya, malamai su matso. Idan mamacin Musulmi ne, liman ya shige gaba, a yi sahu, a yi kabbara huɗu, ba ruku'u ba sujada. A cikin sahun nan janar da ƙaramin soja da farar hula kafaɗa ɗaya suke. Idan Kirista ne, shugabannin addininsa su yi masa addu'a bisa tafarkinsu.

Ko manyan sojoji da suka mulki ƙasar nan, ƙarshenta gida aka mai da su. Janar Seyni Kunce ya rasu a Paris ranar 10 ga watan Nuwamba na 1987. Aka kawo gawarsa Yamai, aka yi mata girmamawar ƙasa, sannan aka kai shi ƙauyensu Fandu aka rufe. Mamadu Tanja, wanda kanar ne na soja kafin ya zama shugaban ƙasa, ya rasu a Yamai ranar 24 ga watan Nuwamba na 2020. An girmama shi a fadar shugaban ƙasa, aka ɗauke shi zuwa garinsu Maine Sorowa. Mutuwa rigar kowa ce. Duk yawan fareti, ramin ɗaya ne.

Bayan an watse

To, ƴan uwa, ga inda maganar take da nauyi. An naɗe tuta. Mai busa ya mai da ƙahonsa cikin jaka. Manya sun shiga motocinsu. Wa ya rage? Mace mai takaba, wata huɗu da kwana goma. Yara masu neman abin kalaci da kuɗin littafi. Tsoho da tsohuwa a ƙauye, waɗanda ɗan nan ne ke aiko musu da buhun hatsi.

Duk alamun da muka karanta, magana ɗaya suke yi: "Ba za mu manta ba." Wannan alkawari ne, kuma alkawari kaya ne. Idan an sara wa gawa da safe, aka bar marayunta da yunwa da dare, to sarawar ta zama ta banza. Kaso mafi girma na kayan nan a kan gwamnati yake. Amma mu ma muna da namu. Maƙwabci yana da nasa, dangi suna da nasu, abokan aikin mamaci suna da nasu.

A nan ne karatu yake da rana. Haƙƙin da doka ta tanada wa iyalin soja, da takarda ake neman sa. Galibi za a tambayi takardar mutuwa, da takardar aure, da takardar haihuwar kowane yaro. Gida nawa ne aka ɗaura aure a zaure, aka raba goro, amma ba a je ofishin magajin gari an rubuta ba? Yaro nawa ne aka yanka masa rago amma ba shi da takardar haihuwa? Ran da abu ya faru, sai a shiga wahala, ana kai da kawowa, ga baƙin ciki ga yawon ofis.

Saboda haka, idan kana da ɗa ko ƙane a soja, ko jandarma, ko ɗan sanda, ko mai tsaron ƙasa, ka tuna masa ya gyara takardun iyalinsa tun yana da lafiya. Yin haka ba kiran mutuwa ba ne. Idan ke matar soja ce, ki san inda takardun suke, ki iya karanta abin da ke ciki. Kada ki dangwala yatsa a takardar da ba ki san abin da ta ƙunsa ba. Idan kuma a unguwarku akwai wadda aka bari da marayu, ba ta yi karatu ba, kai da ka iya, ka raka ta ofis, ka karanta mata, ka cika mata takarda.

Ran da ka iske jana'izar soja, ko aka zo wucewa da gawa a gabanka, ba sai ka sara ba, don kai ba soja ba ne. Ka tashi tsaye. Ka bar ciniki da dariya. Ka rage rediyo. Kada ka ɗauki hoton gawa da salula kana rabawa, don wataƙila uwarsa ba ta ji labari ba tukuna. Ka yi masa addu'a. Bayan kwana arba'in kuma, lokacin da ƙafa ta ɗauke daga gidan, ka leƙa ka gaishe su.

Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Allah ya raya abin da suka bari. Allah ya ba ƙasarmu zaman lafiya, amin.

Tambayoyi

1. A ina aka yi jana'izar sojojin Inates, kuma a wace rana?
2. Mi tuta take faɗi idan an shimfiɗa ta a kan gawar soja?
3. A bariki wa ke fara sara wa wani? Ranar jana'iza fa?
4. Mine ne bambancin harbi uku da harbin igwa 21?
5. Don mi ake sassauto da tuta zuwa rabin sanda?
6. Waɗanne takardu uku ne ya kamata iyalin soja su tanada?
7. Ku tattauna a aji: a garinku ko unguwarku, yaya ake taimakon matar da mijinta ya rasu ya bar ta da yara? Mi za a ƙara?
8. Rubuta layi biyar na gaisuwar ta'aziyya zuwa ga iyalin wani soja.